Wata takwas da keken surfani na kwamfuta: sharhina kan Brother PE800

Shekara tara ina ɗinkin mata a Zariya, amma duk sanda aka kawo aikin da ke buƙatar surfani sai na kai wa masu monogiram, in yi ta jiran layi, balle ana gab da sallah. Wannan jiran ne ya sa na roƙi yayana da ke Amurka ya aiko mini da Brother PE800, na biya shi a hankali.

Kafin komai, maganar wuta. Keken da aka yi don kasuwar Amurka da wuta mai ƙarfin bolt 120 yake aiki, tamu kuwa 230 ce. Sai da na sayi taransifoma mai rage ƙarfin wuta kafin na kunna shi. Don Allah kada wadda ta jona irin wannan keke kai tsaye a bango.

Shi kansa keken bai ba ni wahala ba. Surfani kaɗai yake yi, ba ya ɗinki. Akwai zane 138 a cikinsa, da ɗan allo mai launi da ake latsawa, da ramin USB na shigo da zane daga waje, a nau'in fayil ɗin da ake kira PES. Ranar farko na rubuta sunan ɗiyata a jakar makarantarta, na zauna ina kallon allura tana tafiya ita kaɗai, daɗi ya cika ni.

Inda karatun yake shi ne ƙarƙashin yadin. Mayafin farko da na sa wa fure ya tattare, gefen furen duk ya yamutse, don ban shimfiɗa takardar da ke riƙe yadi a ƙasa ba. Ashe ita ce rabin aikin. Kala uku ce: wadda ake yagewa bayan an gama, ita ta dace da shadda da yadi mai tauri, wadda ake yankewa da almakashi, ta kaya masu talewa irin rigunan yara, sai wadda ke narkewa a ruwa, ita nake ɗorawa a kan tawul don kada zare ya nutse cikin gashinsa. Ɗaure yadi a firam, wato abin da ke riƙe yadin a miƙe yayin da allura ke aiki, ma sai da hannu ya saba: ya miƙe sosai, amma ba a ja shi har ya fita daga kamanninsa. Sati uku na yi ina gwaji a ƙyallaye kafin na taɓa kayan mutane, kuma ban yi nadamar ko ƙyalle ɗaya ba.

Zaren ɗinki na yau da kullum tsinkewa yake ta yi. Da na koma zaren surfani na foliyesta mai lamba 40, da siririn zaren bobin, da allura mai lamba 75/11, sai aka zauna lafiya. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, kada a kwance yadin daga firam. Ana iya matsar da allura gaba ko baya har a dawo daidai inda ta tsaya.

Gaskiyar da zan faɗa wa mai shirin saye: firam ɗinsa inci 5 ne da 7, kuma allura ɗaya gare shi, duk canjin launi sai ya tsaya kin sauya zare da hannunki. Aska takwas ta babbar riga ba aikinsa ba ce, wannan sai masu surfanin hannu ko manyan kekuna masu kai da yawa. Amma sunaye a zanin gado na amare, tambarin makaranta a aljihun yunifom, bakin hannun riga, kayan suna, a nan yake cin kasuwarsa.

Zanen da ya zo da shi kuwa yawanci furanni ne irin na Turawa, kwastomomina dagi suke tambaya. Yanzu ina koyon zana nawa da Ink/Stitch, manhaja ce kyauta da ke aiki cikin manhajar zane ta Inkscape. Dagin da na fitar makon jiya a wuyan rigar ƙanena shi ne na huɗu, kuma shi ne na farko da ya yarda ya sa zuwa masallacin Juma'a.