Na'urar awon jini ta gida: amfaninta da inda ta gaza

Idan akwai mai hawan jini a gidanku, na'urar awon jini ta gida ta ci kuɗinta. Sharaɗina biyu ne: ta zama irin wadda ake ɗaurawa a dantse, ba ta wuyan hannu ba, kuma maɗaurinta ya yi daidai da hannun wanda za a riƙa aunawa. Tawa na saye ta ne saboda mahaifiyata a wani babban kemis da ke wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Hajiya ta daɗe tana shan maganin hawan jini, amma daga ranar ganin likita zuwa wata ranar babu wanda ya san halin da jinin yake ciki. Sai dai in ta ce kanta na sarawa mu ce ya hau, in ta yi shiru mu ce ya sauka.

Ƙaramar aba ce mai gilashi da maɓalli ɗaya, tana cin batir ƙanana guda 4. Ka ɗaura, ka danna, ta hura iska ta matse dantsen, sannan ta saki a hankali. Kafin minti ɗaya ta fito da lamba uku. Ta sama ita ce ƙarfin da jini ke dukan jijiya lokacin da zuciya ta matsa, ta tsakiya kuma ƙarfinsa lokacin da zuciyar ta saki, ta ƙasa ita ce yawan bugun zuciya a minti. Lambobin manya ne, Hajiya na karanta su ba tare da tabarau ba, kuma wannan kaɗai ya sa na ba ta maki.

Babban ƙorafina a kan masu sayarwa ne. Maɗaurin da ke zuwa cikin kwalin an rubuta a jikinsa santimita 22 zuwa 32, ma'ana kaurin dantsen da ya dace da shi ke nan. Babu wanda ya tambaye ni ko wa za a auna. Hajiya kuwa mai jiki ce. Maɗauri in ya yi wa hannu kaɗan, lambar da zai bayar takan fi ta gaskiya yawa, sai a tayar wa mutum da hankali a banza, ko ma a ƙara masa maganin da bai buƙata. Wata ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce ta ɗauko tef irin na tela ta zagaya tsakiyar dantsen, ta ce a nemo babba mai kaiwa 42. An same shi, amma kuɗinsa daban, kuma sai da aka yi odarsa daga Kano.

Da babban ya iso, muka tafi da na'urar asibiti ranar da Hajiya ke da ganin likita. Ya auna da tasa, ya auna da tamu, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Shi ne ya ja hankalina kan wani abu: a asibiti ana kiran jini ya hau daga 140/90, wato lambar sama 140, ta tsakiya 90, amma a awon gida iyakar ita ce 135/85, domin mutum a ɗakinsa ya fi natsuwa. Akwai waɗanda da sun ga farar riga jininsu ke tashi, su koma gida ya daidaita. Akwai kuma akasin haka, kuma su ne suka fi shiga haɗari, tunda takardar asibiti na cewa lafiya lau.

Wahalar na'urar ba a danna ta take ba, a zaunar da mutum take. Ana so a zauna a kujera mai jingina na minti 5, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, an riga an yi fitsari, kuma rabin awa kafin nan ba a sha shayi ko kofi ko taba ba. Goro ma yana ciki, domin sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa. Sannan ba a magana. Wannan na ƙarshe shi ne yaƙinmu na kullum. Da iska ta fara shiga, nan Hajiya za ta tuna ba a kai wa awaki dusa ba.

"Hajiya, don Allah ku ɗan yi shiru ta gama."

"Kai dai ka cika fitina, ni da bakina?"

In ta yi motsi, na'urar ta nuna alamar kuskure, a sake daga farko. Mun tsayar da lokaci biyu, bayan sallar asuba kafin ta sha magani, da kuma bayan isha'i. Kowane zama awo biyu ne da tazarar minti ɗaya, a rubuta a littafi da kwanan wata.

Littafin nan ya fi na'urar kanta aiki. Akwai lokacin da ƙawayen Hajiya na Islamiyya suka kawo mata wani gari a roba, irin wanda masu mota da lasifika ke tallarsa a bakin kasuwa, wai yana tumɓuke hawan jini daga tushe. Babu lambar NAFDAC, babu bayanin abin da ke ciki. Ta ajiye ƙwayoyinta a ɓoye ta koma masa. Ba ta yi ciwon kai ba, ba ta yi jiri ba, tana ta harkokinta, amma lambobin suka riƙa hawa har na sama ya wuce 160. Da na nuna mata shafin, ita da kanta ta faɗi abin da ta yi. Hawan jini yawanci ba ya nuna alama, yana dai cin jijiyoyi har ranar da zai fito da shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum biliyan 1.3 ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba.

Ban ce duk abin gargajiya banza ne ba. Zoɓo, alal misali, an yi bincike an ga yana ɗan rage hawan jini, kuma Hajiya na shansa ba sukari. Amma ɗan ragi ne, ba ya maye gurbin ƙwaya. Haka ƙwayoyin tafarnuwa da na bitamin da ake jerawa a kemis cikin kwalabe masu ƙyalli. Mutum zai kashe musu abin da ya ninka kuɗin ƙwayar hawan jini ta amlodipine na wata guda, alhali wanda yake cin abinci sosai bitamin ba zai sauke masa jini ba.

Inda muka ga canji na gaske a tukunya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mu kuwa gishirin namu ba a cokali kawai yake ba. Yana cikin dunƙulen da ake murzawa a miyar kuka, yana cikin yajin tsire da kilishi, sannan ga kanwar ɗanwake da ta wake, wadda ita ma ke ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Aka rage dunƙule, aka ƙara daddawa da albasa. An sha ƙorafi a gidan, musamman daga yara, amma daga baya harshe ya saba, kuma matsakaicin lambobin Hajiya ya sauko.

Wani abin da littafin ya tona shi ne maganin ciwon gwiwa. Duk makon da ta sha diclofenac, sai mu ga jinin ya ɗaga. Likita ya ce sananne ne, shi da ibuprofen suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, kuma suna wahalar da ƙoda. Ya canza mata wani.

Sauran aibobinta ƙanana ne amma suna da ban haushi. Takardar bayani ta zo da harsuna barkatai, babu Hausa. Batir ɗin banza ba ya jure mata, tana cikin hura iska sai ta mutu, don haka a sayi mai kyau. Ma'ajiyar da take adana lambobin awo ta mutum ɗaya ce, kuma da maƙwabta suka ji labari sai zauren ya koma ɗakin shan magani, awon Hajiya ya cakuɗe da na rabin unguwa. Ban hana kowa ba, tunda a haka aka gano wani dattijo da bai taɓa sanin yana da shi ba, amma na daina dogaro da abin da ta adana. Sannan ga mai yawan fargaba, na'urar na iya zame masa jaraba, ya yi ta awo, kowane awo na ƙara tayar masa da hankali.

Akwai inda bai kamata a tsaya sake awo ba. In lamba ta kai 180/120 kuma ga ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, asibiti za a nufa nan take. Mai juna biyu kuwa tun daga 140/90 za ta tafi, balle in da ciwon kai, kumburin fuska ko gani dishi-dishi, domin hanyar jijjiga ke nan. In kuma alamar bugun zuciya marar tsari na yawan fitowa a gilashin, a faɗa wa likita.

Wanda zai saya ya auna dantsen tun daga gida, ya sa a gwada masa na'urar a shagon kafin ya biya, ya kuma duba ko tana da ramin saka waya ta wuta. Tawa ba ta da shi, kuma da zan sake saye, mai ma'ajiyar mutum biyu zan ɗauka.