Flink, Spark ko Kafka Streams, wanne za ka ɗauka in matakan aikinka a jere suke?

'Yan uwa masu tambayata, cikin waɗannan manhajoji uku na sarrafa bayanai yayin da suke ta shigowa, ni dai Flink nake so, ba ɓoye-ɓoye. Aikinmu a nan Garwa bin sawun kuɗin waya ne na wakilanmu daga Marwa har Ngaundere, kowane saƙo da ya shigo sai an tace shi, a gyara shi, a manna masa sunan wakili, sannan a ƙirga, kamar sarƙa.

Flink in ya ga matakai a jere kai tsaye kuma adadin ma'aikatansu, wato kwafin kowane mataki da ke gudana a lokaci guda, ɗaya ne, sai ya ɗaure su wuri guda su gudana tare, saƙo na wucewa hannu da hannu, ba sai an naɗe shi an tura wata na'ura an sake kwancewa ba, ai nan lokaci ke tafiya. Sarƙar na tsinkewa ne in ka kira keyBy, umarnin da ke rarraba saƙonni bisa mabuɗi, kamar sunan wakili, shi ya sa nake gama tace-tacena kaf kafin nan, don abin da zai tsallaka ya ragu. In kuma mataki ɗaya na jan ƙafa, umarnin disableChaining zai cire maka shi daga sarƙar ka gan shi ƙarara.

Spark tara saƙonni yake yi ƙulli-ƙulli kafin ya taɓa su, in ba sauri kake ba ya isa. Kafka Streams kuwa da ka canja mabuɗi kuma za ka ƙirga, sai ya mayar da komai cikin Kafka, ma'ajiyar da saƙonnin ke fitowa, ya sake karantowa, ni na haƙura da shi.

Amma wallahi abin da nake fara dubawa yanzu shi ne wuta. Wata bazara aka ɗauke wuta da rana tsaka, 'yar manhajar da wani ya haɗa mana ta mance lissafin yini guda, kwana uku muna bin wakilai da takarda. Flink yana adana inda ya kai lokaci-lokaci, in ka kunna masa hakan, wuta na dawowa ya ɗora daga nan.

Ku kiyayi masu zuwa da cewa za su sayar muku da lasisin Flink. Kyauta ne, yana hannun gidauniyar Apache tun 2014, daga shafinta za ku sauke, kada ku karɓi na cikin filashin kowa. Akwai kuma masu nuna gwajin sauri a laftof, sun cire keyBy sun kashe adanawa, dole ya yi gudu mana! Ku ba su bayananku na ranar kasuwa, ku sa su zare filogi a gabanku, in lissafi ya dawo daidai sannan a yi maganar kuɗin aiki.