Bulon siminti ko bulon jar ƙasa: wanne ya dace da gini a Jos?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da bulon siminti za ka tayar da gidanka marar bene a Jos, ko da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. Dukansu suna ɗaukar gida marar bene, amma abin da ke kayar da kowannensu daban ne.

Bulon siminti, mai inci tara ko mai inci shida, kowane birkila ya san aikinsa, kuma ba a wahalar samunsa. Matsalarsa tana wurin bugawa. Ma'aunin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ya nemi bulon da zai ɗauki nauyi ya kai ƙarfin 3.45 N/mm² (awon matsin da bulo ke jurewa kafin ya fashe), amma masu buga bulo da yawa suna cika yashi domin buhu ɗaya mai kilo 50 ya ba su bulo fiye da kima, sannan su sayar kafin a yi masa ban ruwa na mako guda, alhali siminti sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Bulon da gefensa ke marmashewa a hannu bai cancanci katanga ba, ko da an rage maka kuɗinsa.

Bulon jar ƙasa kuwa simintin da ake zuba masa kaɗan ne, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Da yake cikinsa a toshe yake, yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, abin da mai kwana a Jos lokacin hunturu zai gode wa. Maƙiyinsa ruwa ne, ga shi damunar Filato tana da nauyi, saboda haka dole a ɗaga harsashi da dutse ko kankare har ya zarce doron ƙasa, a shimfiɗa abin tare danshi, a kuma zaro rufin ya kare katanga daga feshin ruwa. Ba kowace ƙasa ce ke yi ba: wadda yumɓu ya yi mata yawa tana tsagewa idan ta bushe, don haka a gwada ta tukuna.

A ganina, idan jar ƙasar tana kusa da filinka kuma ka samu maginin da ya taɓa yin aikin, ka ɗauke ta. In babu su, ka sayi siminti a buga maka bulo a gabanka. Idan kuma kana da niyyar ɗora bene nan gaba, ka gaya wa injiniya tun kafin a haƙa harsashi, domin a lokacin ginshiƙan kankare da rodi ne za su ɗauki nauyin, ba bulon ba.