Zoom a hannun mai bincike: abin da yake naɗa da abin da yake zubarwa

Na ɗauki shekaru ina amfani da manhajar Zoom wajen naɗar hirarrakin bincike, wato irin hirar da mutum biyu ke zama su shafe sa'a guda ko fiye ɗaya na tambaya ɗaya na ba da labarin abin da ya gani ko ya sha, kuma a kan wannan aikin kaɗai sharhina zai tsaya. A taron ofis, idan kalma ɗaya ta ɓace babu wanda zai yi asara, amma a hirar bincike kalmar da ta ɓace tana iya zama ginshiƙin babi guda, kuma wanda ya faɗe ta ba lalle ne ya sake faɗinta da irin wannan muryar ba ko da an sake kiransa sau goma. Da wannan ma'auni nake auna kowace manhaja: shin ta riƙe mini maganar mutum kamar yadda ya furta ta, kuma a hannun wa maganar take kwana bayan an rufe hira?

Babban abin da Zoom ya fi takwarorinsa da shi shi ne sabo. Tun 2013 yake kasuwa, sannan annobar korona ta 2020 ta shigar da shi gidajen da ba su taɓa jin sunansa ba, har ya kai ga yau da wuya ka gayyaci malami ko ma'aikacin jinya ko ɗan kasuwa hira ya ce bai san yadda ake shiga ba. Wanda za a yi hira da shi ba ya bukatar buɗe asusu, adireshin gayyata kawai zai latsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutumin da ya sha wahalar minti goma sha biyar kafin ya shigo yakan iso a gajiye, cikin jin nauyi, kuma jin nauyi yana rage zurfin abin da zai faɗa. Skype, wanda manazarta da yawa suka dogara da shi a da, Microsoft ta rufe shi a watan Mayun 2025. Teams yana ajiye abin da aka naɗa a rumbun intanet na ma'aikatar da ke da asusun, shi kuwa Google Meet sai mai asusun biya ne ke iya naɗa da shi.

Zoom yana da hanyoyin naɗi biyu, kuma bambancinsu shi ne zuciyar wannan magana. Ko dai ka ajiye hirar a cikin kwamfutarka, ko ka bar ta a rumbun kamfanin na intanet, wanda aka keɓe wa masu biyan kuɗi. Ni ta farkon nake bi kusan kullum, duk da cewa tana da sharaɗi: da kwamfuta kaɗai take aiki, ba ta aiki da wayar hannu ta ɓangaren mai naɗi. Idan aka kammala hira, manhajar takan ɗauki 'yan mintoci tana sarrafa abin da ta tara kafin ta fitar da fayil na bidiyo mai siffar MP4 da na murya zalla mai siffar M4A, kuma wajibi ne a bar kwamfutar a kunne har ta gama. Amfanin wannan hanya shi ne idan na yi wa mutum alkawarin cewa ni kaɗai ne zan riƙe muryarsa, ina iya cika alkawarin ba tare da jiran wani kamfani ya cika nasa ba.

Akwai wani zaɓi da ke lafe a sashen saitin naɗi, wanda a ganina shi ne ya fi kowane amfani ga mai bincike, kuma na lura abokan aiki da yawa ba su taɓa kunna shi ba. Zaɓin yana sa manhajar ta ware wa kowane mai magana fayil ɗin murya nasa daban. Duk wanda ya taɓa zama mayar da hira rubutu ya san cewa wuraren da suka fi wuyar ji su ne inda muryoyi suka hau juna, kuma abin takaici a nan ne maganar da ta fi nauyi take yawan faɗowa: mai ba da labari ya yi jinkiri, mai tambaya ya ɗauka ya gama ya soma sabuwar tambaya, a daidai wannan daƙiƙar shi kuma ya furta abin da ya daɗe yana juya shi a zuciya. Idan muryoyin na cikin fayil ɗaya, maganar ta cakuɗe ke nan, sai dai a yi ta zato. Idan kuwa kowa da nasa, sai ka buɗe su a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ka rufe taka muryar ka saurari tasa ita kaɗai. A tattaunawar rukuni mai mutum shida ko takwas, wannan zaɓi ne ke bambanta rubutun da za a iya dogara da shi da wanda aka cika da alamun tambaya. Sai dai a kula, fayilolin suna fitowa ɗauke da sunan da kowane mutum ya shiga da shi, don haka wanda ya yi alkawarin sakaya suna ya sauya su zuwa lambobi tun a ranar, kafin ya kwafe su zuwa ko'ina.

Babban raunin Zoom a wannan aiki yana cikin asalin gininsa. Abin da yake naɗa shi ne sautin da ya iso kwamfutarka bayan an matse shi ya ratso intanet, ba sautin da ya fito daga bakin mai magana ba. Idan layinsa ya yi rauni na daƙiƙa uku, waɗannan daƙiƙoƙi sun tafi, babu wata dabarar gyaran sauti da za ta dawo da su. Ƙari a kan haka, an tsara manhajar ne don ta tace hayaniya, kuma na'ura ba ta san bambanci tsakanin ƙarar fanka da ajiyar zuciyar mutum ba. Dariyar da aka danne, da guntun sautin amincewa, da rawar murya kafin hawaye, duk suna iya raguwa, alhali ga mai nazarin yadda mutane ke magana su ma hujja ne. Akwai saitin asalin sauti, wanda aka tanada domin mawaƙa da makaɗa, da ke kashe yawancin wannan tacewa, amma sai mai maganar ya kunna shi daga nasa ɓangaren, kuma ba kowane baƙo ne ya dace a ɗora wa wannan ɗawainiya ba. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne roƙon mutum ya sa abin sauraro a kunne, sannan idan layi ya soma yankewa mu kashe bidiyo gaba ɗaya. Murya zalla kilobit 60 zuwa 80 take bukata a daƙiƙa, bidiyon mutum biyu kuwa yana neman kusan 600, don haka sadaukar da hoto yakan ceci magana. Rashin ganin fuska asara ce, amma ta fi asarar kalma sauƙi.

Iyakar minti 40 da ke kan asusun kyauta, wadda tun 2022 ta shafi har ganawar mutum biyu, ba ta dace da hirar bincike ba ko kaɗan, domin sau da yawa a wajejen wannan lokaci ne mutum yake sakin jiki. Wanda zai yi hira da yawa ya nemi asusun biya, ko na jami'arsa idan tana da shi.

Na gwada manhajojin da aka gina don masu shirye-shiryen sauti, irin su Riverside da Zencastr, kuma a fagen ingancin murya sun yi wa Zoom nisa. Su suna naɗar kowane mutum a cikin na'urarsa ne, sannan su riƙa tura fayil ɗin a hankali, ta yadda ko layi ya yi ta sarƙewa lokacin hira, abin da zai zo hannunka daga baya garau ne. Amma kowace riba da jiɓinta. Fayil ɗin murya mai siffar WAV, wanda ba a matse shi ba, mai kilohaz 48 yana kai kusan megabait 345 a sa'a ga mutum ɗaya, kuma daga na'urar baƙonka zai tashi, da datarsa, yana jira kada ya rufe shafi har turawar ta kammala. Sannan dole muryar ta bi ta rumbun kamfanin kafin ta iso gare ka. Idan hirar tarihin baka ce da za a adana don jikoki su saurara, wannan ciniki ya dace. Idan kuwa hira ce da mara lafiya, ko da ma'aikacin da ke tsoron rasa aikinsa, ban yarda ingancin sauti ya kai darajar fitar da muryarsa daga hannuna ba.

Ta fuskar neman izini, Zoom yana sanar da kowa da murya da rubutu cewa an soma naɗi, kuma ina yaba wannan. Duk da haka latsa maɓalli ba amincewa ba ce a ma'anar da kwamitin ɗa'ar bincike ya sani, shi ya sa nake bayyana wa mutum manufar aikin da inda za a ajiye muryarsa da ranar da za a goge ta kafin in kunna, sannan in roƙe shi ya maimaita yardarsa da bakinsa bayan na kunna. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta soma aiki ranar 25 ga Mayun 2018, tana kallon muryar da za a iya gane mai ita a matsayin bayanan sirri na mutum, kuma ƙasashe da dama sun yi dokoki masu kama da ita. A watan Agustan 2023 an yi ce-ce-ku-ce a kan sharuɗɗan amfani da Zoom, har kamfanin ya fito ya bayyana cewa ba ya horar da ƙirƙirarriyar basira da murya ko bidiyon masu amfani da shi. Na karɓi wannan bayani, amma duk da haka ina kashe mataimakin da ke taƙaita taro kai tsaye, domin taƙaitawar tana nufin an sarrafa maganar a wajen kwamfutata. Akwai kuma tsarin kulle hira ta yadda babu mai iya jin ta sai masu yin ta, da aka shigo da shi a ƙarshen 2020, wanda idan aka kunna shi naɗi a rumbun kamfani ba ya aiki sam, sai na kwamfuta, kuma wannan ya yi daidai da bukatata.

Rubutun da manhajar ke fitarwa da kanta ban taɓa ɗaukarsa fiye da daftarin farko ba. Whisper, wani tsarin mayar da murya rubutu wanda kamfanin OpenAI ya saki a watan Satumban 2022, ana iya gudanar da shi a kwamfuta ba tare da intanet ba, abin da ya sa ya fi dacewa da sirri, amma a harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet kurakuransa na da yawa, musamman idan mai magana yana gauraya harshe biyu a jimla ɗaya. Har yau sa'a guda ta hira tana cin mini sa'a huɗu zuwa shida ta sauraro da gyara, kuma fayilolin da aka ware wa kowane mutum ne ke sa adadin ya karkata ga huɗu. Da zarar na kammala wannan gyara nakan goge bidiyon idan binciken bai bukaci hoto ba, in bar muryar kaɗai, mai lamba a madadin suna, a ma'ajiya guda biyu masu kalmar sirri.