Geraldton wax ko bottlebrush, wanne zai rayu a tsakar gida a Kano?

Hajiya na ga tambayarki tun jiya, kin ce kin ga wani fure ƙanana ƙanana mai ruwan hoda a cikin ƙunshin fulawar amarya, an ce miki sunansa Geraldton wax, kuma kin ji wai daga busasshiyar ƙasa ya fito a Ostireliya, shine kike tambaya tsakaninsa da bottlebrush wanne za ki shuka a Kano. To ni dai na taɓa riƙe duka biyun, bari in faɗa miki yadda suke.

Da farko dangi ɗaya ne su biyun, dangin da masana ke kira Myrtaceae, kuma kin san 'yan gidan sarai, gwaba da kanumfari da bishiyar turare da malmo duk nan suke. Ki murje ganyen kowanne a yatsa ki shinshina za ki ji ƙamshi, saboda akwai mai a cikin ganyen.

Shi Geraldton wax ɗan yammacin Ostireliya ne, sunan garin Geraldton ya ɗauka, wanda ke arewa da Perth da wajen kilomita 400. A can cikin rairayi yake fitowa, ƙasa mara taki mai ƙananan itatuwa, ruwa na sauka yake zurarewa. Ganyensa siriri ne kamar allura, ƙarshensa da 'yar ƙugiya, in kin murje sai ki ji kamar ɓawon lemun tsami. Furen kuma ganye biyar gare shi, mai kauri da sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, tsakiyarsa kamar ɗan kofi, akwai fari akwai ruwan hoda akwai wanda ya ja zuwa shunayya. Wannan kaurin ne yasa in an yanke shi an sa a ruwa yake wuce sati bai yi yaushi ba, shi yasa masu fulawa suke sonsa, har ana noma shi gona guda a Isra'ila da Kalifoniya ana fitarwa waje.

Amma Hajiya maganar busasshiyar ƙasa ɗin nan ita ce take ruɗin mutane. Su a can ruwansu a lokacin sanyi yake sauka, wajen Mayu zuwa Agusta, in zafi ya zo kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Mu kuma namu ruwan da zafi yake zuwa, ga ɗumi ga laima ga ƙasa jiƙe sharkaf sati da sati, kuma abinda saiwarsa ta fi tsana kenan, nan take take ruɓewa. Nawa ya haye bazara lafiya lau, zafin Afrilu ko a jikinsa, ana shiga Agusta ruwan kwana uku ya sauka na ga ganyen ya fara komawa ruwan toka daga ƙasa, kafin sati ya zagayo ya bushe a tsaye alhali ƙasar tukunyar jiƙe take. Da na tumɓuke shi saiwar duk ta yi baƙi, ina taɓawa ɓawonta na saɓulewa. Wallahi ya min ciwo don na sha wahala kafin na same shi.

Bottlebrush kuwa daga gabashin ƙasar ya fito, mai rassa masu saukowa ƙasa ɗin nan da aka fi gani a gidaje asalinsa Queensland da New South Wales ne, kuma a bakin rafi yake fitowa. Kinga kenan ya saba da ambaliya, ya saba da ruwa ya janye ya bar shi, laka ma baya ƙi. Furensa ja ne jawur dogo kamar burushin wanke kwalba, daga nan ma sunan ya zo, kuma jan da kike gani zaruruwa ne sirara masu ɗauke da garin fure a kai. Da safe ki tsaya kusa da shi za ki ji ƙugin ƙudan zuma, ga ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki suna ta zirya. In furen ya zube sai 'ya'ya masu tauri kamar duwatsun carbi su manne a jikin reshen, suna iya shekaru a wurin, reshen kuma ya ci gaba da tsiro ta sama.

Inda wax ya fi shi shine a cikin kwalba. Bottlebrush in kin yanke kwana kaɗan zaruruwan sun zubo miki a tebur. Sannan yana girma ya zama bishiya, ya kai mita 8 in ya samu wuri, dan haka kar ki manna shi da katanga ko sokawe.

Wajen taki ma sun bambanta, wax ya saba da ƙasa mara komai, in kin zuba masa takin kaji ko NPK da yawa kin cuce shi. Bottlebrush yana karɓar ruɓaɓɓen takin gargajiya daidai gwargwado. Dukansu suna son rana sosai, kuma suna son a yi musu aski bayan sun gama fure, amma shi wax kar ki yanke har cikin tsohon itacen da babu ganye.

Ni a ganina ki sayi bottlebrush, masu fulawa na bakin titi suna da shi, ki dasa farkon damina, ranin farko ki riƙa ba shi ruwa har ya kama. In kuma ranki ya kafe a kan wax ɗin, to a tukunya kawai, yashi mai tsakuwa ya fi yawa, ƙasan tukunyar da huji manya, ki ɗora ta kan bulo, damina na kankama ki ja ta ƙarƙashin baranda inda rana ke shiga amma ruwan sama baya dukanta, kuma kar ki ba shi ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe.