Wokwi: na gwada haɗin tanki da sumo a kwamfuta kafin in sayi ko waya ɗaya

Jama'a sallama. Ni aikina haɗa sola da bohol ne a nan Katsina, kuma ƙorafin da na fi ji wurin masu gida guda ɗaya ne, tanki ya cika yana ta zuba ƙasa ba wanda ya lura, ko kuma ya ƙafe sai an buɗe famfo a ji iska. Wani Alhaji da na yi ma aiki wajen Ƙofar Ƙaura ya ce mani "Injiniya so nike sumon nan, injin jawo ruwa daga bohol, ya riƙa kunna kanshi yana kashe kanshi, kuma in riƙa gani a waya ko ina Abuja". Na ce ranka ya daɗe za a duba, amma gaskiya raina bai kwanta ba don kayan sai an yi odar su daga Kano ko Legas, in ka ƙona ɗaya tau ka zauna jiran mota.

Ƙanena da ke karatu a Hassan Usman Katsina Polytechnic shi ya nuna mani Wokwi. Shafi ne kawai a intanet na gwada haɗin kayan lantarki, ba ka sauke komai, ka buɗe a burauza ka jawo ESP32 (ƙaramar kwamfuta mai WiFi da ke sarrafa haɗin), ka jawo sensa HC-SR04 mai auna nisa daga santimita 2 zuwa 400, ka sa rile (makunnin da ESP32 ɗin ke kunnawa yana kashewa), ka ja wayoyi da maus ka rubuta kod ɗinka na Arduino (umarnin da ESP32 zai bi) ka danna koren maɓalli ya tashi. Kuma abin da na yi duka ban biya ko sisi ba in ban da data.

Inda ya burge ni shi ne maganar netwok. ESP32 ɗin da ke cikin allo yana hawa WiFi mai suna Wokwi-GUEST ba fasuwod, kuma ta nan yake fita intanet na gaske. Sai na buɗe shafi biyu, ɗaya a matsayin na'urar kan tanki ɗaya ta wurin sumo, suna aika ma juna saƙo ta MQTT (tsarin da na'urori ke musayar gajerun saƙonni ta intanet), wayata kuma tana gefe tana karɓar lambobin. MQTT ɗin nan tun 1999 aka ƙirƙire shi don lura da bututun mai ta tauraron ɗan adam, wato dama don wurin da netwok ba ƙarfi aka yi shi, irin namu kenan. In na ja sensa na nuna ruwa ya sauka sai in ga rile ya kunna a ɗaya shafin, wallahi na daɗe ina kallon abin.

Daren na biyu na tsayar da shafin tanki da gangan in ga me zai faru, ai kuwa sumo ya ci gaba da aiki abinshi saboda saƙon ƙarshe da ya samu "kunna" ne kuma ba wanda ya zo ya ce mashi ya tsaya. Ka duba fa, da a gidan Alhaji ne hakan ta faru, netwok ya ɗauke da rana tsaka ruwa na ta kwarara a tsakar gida har sai rana ta faɗi, ga ruwan da ake wahalar samu a garin nan. Nan take na gyara, in ya yi sakan 30 bai ji daga tanki ba ya kashe kanshi. Wannan kaɗai ya isa in ce a gwada Wokwi.

Amma kar wani ya ɗauka ya gama aiki don ya tashi lafiya a allo. Shi Wokwi aikinshi gwada kod da saƙonni ne, lissafin wuta naka ne. ESP32 da bolt 3.3 yake aiki, ƙafar Echo ta HC-SR04 da ke tura mashi awon kuma 5 take fitarwa, dole ka sa resista biyu ka rage a haɗin gaske. Zafin Katsina ma ba ya cikin kwamfuta, sensar da sauti take auna nisa, kod da yawa kuma suna lissafi da gudun sauti mita 340 a sakan, a zafin watan Afrilu na digiri 40 kuwa yana kaiwa wajen 355, a tanki mai zurfin mita 2 ka ga kuskuren santimita 8 kenan. Ga tururi cikin tanki, shi ya sa na sayi sensa JSN-SR04T wanda ruwa ba ya mashi illa. WiFi ɗin gida kuma ya zama 2.4GHz, shi ESP32 ɗin yake kamawa.

Sati uku kenan da muka ɗora a gidan Alhaji, jiya ya kira ni daga hanyar Daura yana karanto mani lambar da ke wayarshi, wai tanki na kashi 80.