Na koma kallon Star Trek: The Next Generation tun daga farko

Wata uku kenan ina bin wannan shirin duk dare kafin in kwanta, kashi ɗaya, wani lokacin biyu idan barci ya ƙi zuwa, yanzu dai na shiga zango na shida. Da ina yaro guntu-guntu na kalle shi, abin da ya zauna min a kai kawai jirgin nan Enterprise yana keta taurari da kuma Worf mai goshin nan mai gargada. Na ɗauka harbe-harbe zan tarar. Ashe rabin shirin mutane ne zaune a teburi suna shawara, kuma wallahi yanzu shawarar ce ta fi burge ni.

Ga wanda bai san shi ba, a Amurka aka yi shi daga 1987 zuwa 1994, zango bakwai, kashi 178, Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro shi, shi ne dai mai na asalin da ya fara a 1966. Labarin a ƙarni na 24 yake, kyaftin ɗin jirgin Jean-Luc Picard, wanda Patrick Stewart ɗan Ingila ya fito a matsayinsa.

Zangon farko kam sai haƙuri. Kaya sun matse kowa kamar za su fashe, duwatsun da suke sauka a kai kana gani ka san na bogi ne, 'yan wasan ma kamar ba su gama sanin junansu ba. Akwai wani kashi mai suna Code of Honor da ya ɓata min rai sosai, duniya guda mutanenta duk baƙaƙen fata, an mai da su wasu marasa wayewa, shugabansu ya sace Tasha Yar, shugabar tsaron jirgin, don kawai ta burge shi. Shi kansa Jonathan Frakes mai fitowa a Riker, mataimakin kyaftin, ya fito ya kushe shi daga baya. Da ƙyar na kai ƙarshensa.

Inda na gyara zama shi ne The Measure of a Man, a zango na biyu, 1989. Wani masani yana son ya kwance Data, mutum-mutumin nan mai launin fari-fari da idanu rawaya, ya ga yadda aka ƙera shi, shi kuma Data ya ce bai yarda ba, sai magana ta je kotu: shin Data kaya ne ko yana da 'yancin kansa? Abin tausayin, Riker abokinsa aka tilasta wa ya tsaya a ɓangaren masu ƙara. Ya cire masa hannu a gaban alƙaliya, ya kai hannu bayansa ya kashe shi kamar fitila, Data ya kife, Riker ya koma ya zauna fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Daga nan Guinan mai kula da wurin shan abin sha na jirgin, wato Whoopi Goldberg, ta zaunar da Picard a hankali ta nuna masa cewa in aka ƙera irin Data dubbai ba su da ikon cewa a'a, ai sunan abin bauta. Babu harbi ko ɗaya a kashin nan gaba ɗaya. Kuma ka duba yadda ake ta cece-kuce kan ƙirƙirarriyar basira yau, su tun 1989 suka kai maganar kotu.

Darmok kuma na zango na biyar na tabbata duk mai jin Hausa zai so shi. Sun haɗu da wasu halittu da ba sa magana sai da ambaton labaran kakanninsu, na'urar fassara tana kawo kalmomin daidai amma ma'ana babu, kamar ka jefa wa baƙo rabin karin magana ka yi shiru kana jiran ya ƙarasa. Kyaftin ɗinsu ya sa aka sauke shi shi da Picard a wata duniya mai dodo, don wuya ta sa su fahimci juna, ya rasa ransa a kai. Wurin da Picard ke zaune gefen wuta yana ba shi labarin Gilgamesh yana gab da cikawa, sau biyu na maimaita.

Ba wai babu abin haushi ba fa bayan ya gyaru. Sau da yawa matsala za ta kai wuya, saura minti biyar a tashi, sai Geordi, injiniyan jirgin, ya zubo wasu kalmomin kimiyya da babu su, ya danna maɓalli, shikenan an tsira. Troi kuma, mai ba da shawara da ke iya jin abin da ke zuciyar mutum, marubutan sun daɗe ba su san me za su yi da ita ba, mutum na ta zare ido yana ihu a allo ita kuma ta ce tana jin yana cikin fushi, to wa bai gani ba? Sannan abin dariya, sun hango kwamfutar hannu tun kafin a yi ta, amma sai ka ga an jibge wa Picard guda biyar a teburi kamar kowacce takarda ɗaya take ɗauka.

Hoto dai ba laifi, wanda aka sabunta daga ainihin fim ɗin tsakanin 2012 da 2014 nake kallo, tas yake, sai dai baƙin fili hagu da dama saboda talabijin ɗin da mai kusan murabba'i aka yi wa.

In za ka fara, shawarata ka kalli kashin farko don ka san mutanen, ka ɗauki na kotun nan, sai ka tsallaka zuwa zango na uku. Ƙarshen zangon ne Borg, wasu abokan gaba rabi halitta rabi inji, suka kama Picard suka mai da shi nasu, Riker ya ba da umarnin a harbi jirgin da yake ciki, allo ya yi baƙi, mutanen 1990 sai da suka jira wata uku kafin su ga ci gaba. Ni ko minti ɗaya ban jira ba, ƙarfe biyun dare na danna na gaba.